Minti Hamsin da Biyar

Talata, 15 ga Oktoba, biyar da rabi na yamma

Duane Zacher yana asibiti. A jirgi mai saukar ungulu aka ɗauke shi. Na rubuta, na karanta, har yanzu zuciyata ba ta karɓa ba.

Ina zaune a ɗakin jiran likitan ido, Mama tana ciki an ɗiga mata magani, sai ga wayar Arlen, abokin aikina. Arlen ko gaisuwa ba ya iyawa sai ya haɗa da tsiya, amma yau babu tsiya. Ya ce, "Marlys, kina zaune?" Na ce me ya faru. Ya ce babban makunnin tashar wutar lantarki ta Vangen ya fashe, Duane yana tsaye a gefensa.

Na ce ba zai yiwu ba, ni da kaina na ɗaure wa Suruka, na'urar ɗakin aikinmu, hannu a kan makunnin nan. Ya ce, "Ɗaurin ya kwance."

Da safen nan muka yi waya da Duane. Har cewa ya yi in gaya wa mijina Lyle ya dawo masa da tsaninsa, wata uku ke nan.

Laraba, 16, goma na safe

Shugabanmu Ostby ya ce kowa ya rubuta abin da ya sani, za a kafa kwamiti. Ya ce mu rubuta yadda lauya zai gane, shi da bai san bambancin layin wuta da igiyar shanya ba. Bari in gwada a nan tukuna.

Aikinmu a ɗakin nan shi ne tsaron ƙarfin wuta a manyan layuka, kada ya faɗi, kada ya haura. Da can da hannu muke yi. Shekara shida ke nan aka kawo na'urar da ke yi da kanta. Tana auna kowace tasha ba ƙaƙƙautawa, in ƙarfi ya yi ƙasa ta rufe makunni ta shigo da tukwanen lantarkin da ke ɗaga shi, in ya yi sama ta fitar da su. Suruka muke ce mata, don ba ta iya ganin abu ta ƙyale. Gaskiya ta fi mu sauri, ban taɓa faɗa a gaban injiniyoyi ba.

In mutum zai yi aiki kusa da makunni, sai ya kira mu, mu ɗaure mata hannu a kan wannan makunnin. Ɗaurin awa guda yake yi, ya kwance da kansa. Injiniyoyi ne suka yi shi haka, don farkon zuwanta mukan ɗaure ta kwana biyu saboda ƙiyayya. Da ni a ciki.

Shi ya sa Wendell Brekke ya kawo kaza. Agogon girki ne na marigayiya matarsa, mai siffar kaza, fara da jan zanko, wurinta kan kanta a bayan wayoyi. Ka ɗaure Suruka, ka murɗa kaza zuwa minti hamsin da biyar. Ta yi ƙara, ka sabunta ɗaurin, ka sake murɗawa. Ba ta cikin kowane littafin doka, amma shekara shida ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Jiya Duane ya je duba makunnin Vangen mai yoyo. Na ɗaure tara saura kwata, na yi ta sabuntawa, na ƙarshe sha ɗaya da rabi. Sha biyu saura Wendell ya shigo ya karɓe ni. Ranar hutunsa ce, ni na roƙe shi saboda idon Mama. Sha biyu da rabi ɗaurin ya kwance, ba a sabunta ba. Iska ta kwanta, fankokin da ke samar da wuta daga iska suka tsaya, manoma kuma duk sun kunna injinan busar da masara. Ƙarfi ya faɗi. Suruka ta yi abin da aka halitta ta don shi.

Wendell ne ya koya mini aikin nan. Shekara talatin da huɗu ba ko tabo a takardarsa, wata biyar ya rage masa ya yi ritaya.

Laraba, huɗu na yamma

Duane ya ƙone a hannun dama da ƙirji da gefen fuska. Sun ce sun sa shi barci da gangan.

Alhamis, 17, ɗaya na rana

Na ga Wendell a filin ajiye motoci. An dakatar da shi, ya zo ɗaukar maganinsa ne. Mutumin da ke cika ƙofa in ya shigo, yau rigarsa kamar ta aro.

Ya ce, "'Yar nan, kin murɗa kazar, ko?"

Na ce, "Tsoho, ai ka tambaye ni, na gaya maka."

Ka'idar aikinmu ce, ka faɗi magana, wancan ya maimaita, ka ce daidai ne. Ko gahawa Arlen zai nema sai ya sa an maimaita masa. Ranar Talata Wendell ya ce, "Kaza fa?" Na ce tana aiki. Ya ce, "Na ji kin ce kaza tana aiki." Na ce daidai ne. Ina tuna wannan sarai, ina tsaye da makullin mota a hannu.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ta yi ƙara ke nan, ni ne ban ji ba." Ya taɓa kunnensa na hagu. Ya ce ya yi shekara yana lura, jikokinsa in suna magana a bayan mota sai ya yi ta cewa eh, eh. Bai gaya wa kowa ba, yana so ya ƙarasa wata biyar ɗin nan.

Tausayinsa ya kama ni. Haushinsa ma ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Duk hanyar gida ina ta cewa a raina, tsohon nan da ya yi magana.

Juma'a, 18, bakwai saura na safe

Sanyi ya sauko. Na ɗauko rigata mai ruwan toka, wadda nake sawa a ɗakin aiki saboda sanyin na'urori. Tun Talata take rataye a bayan ƙofar kicin. Na sa hannu a aljihu neman safar hannu.

Ba zan rubuta ba.

Juma'a, bakwai da kwata

Na mayar da rigar. Na yi amai. Lyle ya ce ko in kira in ce ba ni da lafiya, na ce a'a.

Juma'a, shida da rabi na yamma

Awa goma na yi a gaban allo, ban san yadda na yi su ba. Suruka tana ta harkarta, ta shigar ta fitar, ko a jikinta. An hana kowa kusantar makunni sai an kashe shi gaba ɗaya.

Arlen ya mirgino kujerarsa kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. "Ke, wa ya ɓoye kaza? Na duba kanta, wayam. Wani ɗan albarka ya sace ta kafin manya su gani. Ke ce?"

Na ce ranar ai ba na nan.

Ya ce, "Haka ne fa. To ko waye, na sara masa." Ya koma wurinsa yana taunar alawa.

Ba na nan. Wannan gaskiya ce, kuma ita na faɗa.

Asabar, 19, tara na safe

Yanzu na tuna komai, kuma da ban tuna ba. Sha ɗaya da rabi kaza ta yi ƙara, na ɗauko ta, na sabunta ɗaurin da hannu ɗaya. Wayar gonar fankoki ta shigo, sannan ta tashar kudu, sannan ta makwabtanmu na gabas suna tambaya me ya sa ƙarfi ke zamewa. Ina bukatar hannu biyu, sai na jefa ta a aljihu. Minti ashirin ban ɗaga kai ba, sai ga Wendell da kwalin cincin a hannu yana cewa in tashi in tafi kada Mama ta tsine masa.

Tsinken yana kan sifili. Na duba sau uku.

Lahadi, 20, biyu na rana

Wendell bai zo coci ba. Kujerarsa a layin mawaƙa na baya, inda yake ruri kamar tsohon bijimi, babu kowa. Fasto ya yi wa Duane addu'a, ya yi wa iyalinsa, ya yi wa likitoci. Na jira in ji sunan Wendell, ban ji ba.

Mata sun rarraba kwanakin kai wa Connie abinci, matar Duane. Ni Laraba.

Litinin, 21

Rigar tana bayan ƙofa.

Laraba, 23, biyar na yamma

Na yi gashin dankali da niƙaƙƙen nama na kai. Connie ta dawo kwana biyu don yara, asibitin tafiyar awa shida ce. Na yi niyyar in ajiye a bakin ƙofa in gudu, ta riga ni buɗewa.

Rungume ni ta yi. Ta ce, "Marlys, Duane kullum cewa yake in ya ji muryarki a waya hankalinsa kwance yake. Da ke ce a kujerar nan da haka ba ta faru ba."

Na tsaya kamar an dasa ni, kwano a hannu yana ƙona ni ta cikin tsumma.

A kan matakala akwai wani kwanon a rufe, ba a taɓa ba, ƙanƙara ta fara kama murfin. Na san kwanon, mai shuɗin fure, na matar Wendell ne. Connie ta ga ina kallo. Ta ce, "Ya zo jiya. Ban buɗe ba. Mutum ya san kunnensa ya mutu, ya zauna da ran mijina a hannunsa?" Ta ce in zan wuce ta wajensa in mayar masa.

Yana bayan motata har yanzu.

Alhamis, 24, sha ɗaya na safe

Kwamiti. Mutum biyar, da ruwa a kofunan takarda. Wata injiniya daga hawa na biyu ta fara, ta nuna zane, ta ce na'ura ta yi daidai abin da aka tsara, cikin daƙiƙa kaza. Sau huɗu ta faɗi kalmar "daidai". Na ji kamar in jefe ta da kofi, ga shi kuma ba ƙarya ta yi ba.

Wendell ya riga ya gaya musu zancen kaza, shi ba ya iya ɓoye abu in an tambaye shi ido da ido. Lauyan ya yi ta maimaita "agogon girki" yana kallon Ostby, Ostby yana kallon tebur. Sannan ya juyo gare ni.

"Kin shaida wa Mista Brekke cewa agogon yana aiki?"

Na ce eh.

"Ya maimaita?"

Na ce eh, ya maimaita.

Ya rubuta. Ya gode mini. Ko minti goma ban yi ba. Na fito ina jira wani ya biyo ni ya ce dawo, akwai sauran tambaya ɗaya. Ba wanda ya biyo ni. Ostby ma dafa kafaɗata ya yi, ya ce in je in sha gahawa.

Shekara goma sha tara ina alfahari ban taɓa yin ƙarya a wayar da ake naɗa ba. Yau ma ban yi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, ashe da sauƙi haka.

Asabar, 26, uku na rana

Lyle ya ɗauko rigar zai haɗa da wanki. Ihun da na yi har kare ya shige ƙarƙashin tebur. Ya tsaya da ita a hannu, ya ce, "Mar, lafiyarki kuwa?" Na ce ba na son a taɓa mini kaya. Shekara ashirin da shida yana taɓa mini kaya.

Ya rataye ta. Na ji abin ya bugi ƙofa, ƙwas. Shi ma ya ji. Ya fita ya ɗora tsanin Duane a mota ya kai gidansu.

Litinin, 28, bakwai na yamma

An tashi Duane daga barci. Ya gane Connie. Yatsu biyu sun tafi, sauran hannun suna sa rai. Na yi kuka a ban-ɗakin ofis, na farin ciki ne, sai daga baya na kama kaina ina cewa to tunda bai mutu ba. Tunda bai mutu ba me, Marlys?

Laraba, 30

Arlen ya ce Wendell ya daina tuƙa jikokinsa makaranta. Ya gaya wa 'yarsa ba zai ji jiniya ba, ba zai ji jirgin ƙasa ba, kada ta ba shi amanar yara.

Alhamis, 31, tsakar rana

Yau iska ta tashi, fankoki duk suna juyi, ƙarfi ya yi ta haurawa. Na zauna ina kallon Suruka tana saukar da shi tasha bayan tasha, ba gaggawa ba mantuwa. Na tsane ta shekara shida don ba ta san mutum ba. Duane da fanko duk ɗaya ne a wurinta. Amma ita duk abin da ta yi tana rubutawa, da minti da daƙiƙa, kowa ya zo ya karanta.

Ostby ya kira ni ofis. Ranar Litinin Wendell zai sa hannu a takarda, ya amsa laifin sakaci da ɓoye larura, ya tafi shiru, babu liyafar sallama. Za a canza tsarin ɗaurin, ba zai ƙara kwancewa da kansa ba. Kuma suna so ni in koyar da sabon tsarin. Ya ce, "Ke ce kowa ya yarda da ita."

Na ce zan yi tunani. Wai zan yi tunani!

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Ban ci abinci ba. Rigar tana bayan ƙofa.

Asabar, 2, takwas na safe

Lyle ya ajiye mini gahawa ya zauna. Ya ce, "Ban duba aljihun ba, kuma ba zan duba ba. Amma matar da na aura ba ta jin tsoron riga." Na ce ya san za su iya korata. Ya ce ya sani. Na ce Connie ba za ta ƙara kallona ba, garin nan kuma mutum dubu huɗu ne. Ya ce wannan ma ya sani. Ya tashi ya je share ƙanƙarar gaban gida, wadda ko inci ɗaya ba ta kai ba.

Lahadi, 3, huɗu da rabi na yamma

Na je.

Bayan coci na wanke kwanon mai shuɗin fure, na sa rigar, na tuƙa zuwa gidansa. Sau biyu na wuce ƙofar. Na tarar da shi a kicin, rediyo a kashe, takardar Ostby a kan tebur da biro a kai. Ya ga kwanon ya gane daga inda ya fito, ya karɓa ya ajiye a kan kanta.

Ya ce, "'Yar nan, kin rame. Ba laifinki ba ne, ki daina."

Na sa hannu a aljihu, na fito da ita, na ajiye a kan takardar.

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Ke kika ɓoye ta? Don ni?"

Da na ce eh da ya yarda. Na gani a fuskarsa, har ya fara shirin gode mini.

Na ce, "Wendell, ranar Talata ban murɗa ta ba. Tana aljihuna na fita da ita. Ba ta yi ƙara ba. Kwana goma sha shida ke nan da na sani."

Firij yana ta gurnani. Sannan ya gyara zama, ya ɗora hannu biyu a kan tebur yadda yake yi a gaban allo, da muryar aiki ya ce, "Na ji kin ce ba ki murɗa ta ba. Tana aljihunki. Ba ta yi ƙara ba." Ya tsaya. "Kwana goma sha shida."

Na ce, "Daidai ne."

Na zaci zai zage ni, kuma na so ya zage ni. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya ce, "Na daina ɗaukar jikokina, Marlys." Bai taɓa kirana da sunana ba sai a waya. Na ce na sani. Ya ce, "Kin sani." Ya ce shi ma da ya ɗaga kai ya dubi kanta sau ɗaya da ya ga ba ta nan, wannan nasa ne, zai faɗa wa kwamiti. Amma sauran ba zai ɗaukar mini ba. Na ce ban zo don ya ɗauka ba, na riga na bar wa Ostby saƙo, gobe takwas na safe. Daga nan zan je wurin Connie.

Ya ɗauki kazar, ya goge mata zanko da babban yatsa, ya murɗa ta minti ɗaya. Ya tashi ya kai ta can ƙarshen kicin, ya ajiye a kan firij, ya dawo ya zauna ya juya mata baya, kunnen hagu yana wajenta. Muka zauna, ba mai kallon wani.

Ta yi ƙara.

Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya rufe fuska da hannu, babban mutum, yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Na ji ta. Ashe ina jin ta."

Da zan fita bai raka ni ba. Ina sa takalmi na ji yana waya da 'yarsa, yana cewa gobe kada ta damu, shi zai kai yara makaranta.

Litinin, 4, bakwai da minti biyar na safe

Na sa rigar. Aljihun babu komai. Saura minti hamsin da biyar.